Yadda za ka fara tara faifan drum and bass har ka iya haɗa kiɗa da hannunka

Jama'a tun da wasu abokai suka ga kantar faifaina tambaya ɗaya ake ta maimaita min, wai ta ina ake farawa, nawa ake kashewa, kuma me zai sa mutum ya ɗora wa kansa wahalar faifai alhali ga kiɗa nan cike a waya. Na ga amsawa ɗaya bayan ɗaya ba za ta ƙare ba shi ya sa na zauna na rubuta komai wuri guda. Ba tarihi zan yi ba, iyaka dai wanda bai sani ba ya sani cewa drum and bass kiɗan Ingila ne, a Landan da Bristol ya taso farkon shekarun 1990, ganga ce mai gudu sosai wajen bugu 170 zuwa 175 a minti ɗaya, sai bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, yana tafiya a hankali a ƙarƙashinta.

Dalilin da masoyansa suka maƙale wa faifai kuwa ba wai son tsohon abu ba ne kawai. Faifan inci 12 ne, kuma sau da yawa kiɗa ɗaya tak ake yankawa a kowane gefe, minti 6 ko 7, saboda haka layin da allura ke bi yana samun fili, ana yanka shi da ƙarfi, bes ɗin ya fito ka ji shi a ƙirjinka. Na biyu akwai kiɗa da yawa na shekarun 1990 da har yau a faifai kaɗai za ka same su. Na uku, wanda a wajena shi ne babba, hannunka ne ke taɓa kiɗan, kai ke tsayar da shi kai ke sakinsa.

1. Kunne tukuna, aljihu daga baya

Kar ka sayi komai a watan farko. Ka zauna ka saurara, kuma ka saurara da sunan kamfanin da ya fitar da faifan ba sunan makaɗi kaɗai ba, don a wannan harkar kamfani shi ke gaya maka irin abin da za ka ji. Metalheadz na su Goldie kiɗansu yana da duhu da zurfi. RAM na Andy C mai zafi ne na cika fili. Good Looking na LTJ Bukem da kuma Hospital sanyi gare su, irin wanda za ka kunna da daddare kana aiki. V Recordings da Full Cycle su ne salon Bristol na su Roni Size, bes yana mirginawa. In kuma tsohon jungle, wato salon da drum and bass ya fito daga cikinsa, shi ne ya kama ka to Moving Shadow da Reinforced za ka bi.

Ka zaɓi layi ɗaya ka fara da shi. Ba don sauran ba su da daɗi ba, a'a, saboda gudu ne, tsohon jungle na wajen 1993 da 1994 yana yawo ne kusa da 160, na yanzu kuma 174, in ka sayo faifai goma kowanne da nasa gudun ranar da za ka fara koyon haɗawa za ka sha wahalar banza. Duk wanda ya burge ka ka rubuta sunansa da sunan kamfanin da lambar faifan a littafi, lambar nan za ta yi maka amfani a mataki na 5.

2. Garmaho

Nan ne kuɗin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Garmaho iri biyu ne, akwai wanda bel ke juya farantinsa akwai wanda injin ke juya shi kai tsaye. Mai bel na zaman sauraro ne, da ka ɗora yatsa a kan faifai sai ya yi sanyi ya ɗauki lokaci kafin ya dawo gudunsa, da ganga mai gudun 174 kuwa wannan ɗan jinkirin ya isa ya watsa maka komai. Mai juyi kai tsaye za ka nema, kuma dole ya kasance yana da majanyin ƙara gudu da ragewa a gefen dama, wanda ake ce wa fic.

Uban tafiyar shi ne Technics SL-1200 da ɗan uwansa baƙi SL-1210. Samfurin MK2 tun 1979 ya fito kuma har yau shi za ka tarar a gidajen kiɗa, ƙarfe ne mai nauyi fiye da kilo 10, fic ɗinsa yana ƙara ko rage kashi 8 cikin 100. Sun daina yinsa a 2010 suka dawo a 2016, sabon MK7 a Ingila ya haura fam 700 guda ɗaya, na hannu mai lafiya shi ma da wuya ka same shi ƙasa da fam 400. In aljihu bai kai ba kar ka damu kanka, Audio-Technica AT-LP120X ko Pioneer PLX-500 suna wajen fam 250 zuwa 350 kuma za ka koya da su lafiya lau, Reloop RP-7000 yana tsakiya. Shawarata ka sayi guda ɗaya mai kyau yanzu ka tara kuɗin na biyu, ya fi ka sayi biyu na banza, kuma in za ka sayi na biyun ya zama iri ɗaya da na farko don hannunka ya saba da ƙarfi ɗaya.

In na hannu za ka saya ka sa a kunna a gabanka. Ka mai da fic tsakiya ka duba ɗige-ɗigen da ke bakin faranti inda jar fitilar nan ke haskawa, layi ɗaya daga ciki ya kamata ka gan shi kamar a tsaye yake cak, in yana rarrafe gaba ko baya to gudun ba daidai yake ba. Ka kama hannun allura a hankali ka ɗan motsa shi a gindinsa, in yana girgiɗi ka bar shi ko ka rage kuɗin gyara. Ka saurari lasifika ta hagu da ta dama duka don wayoyin baya suna yawan mutuwa a tsofaffi.

Gargaɗi, ka duba wutar da yake ci kafin ka biya. Na Ingila 230 ne irin namu, har bakin soket ɗin iri ɗaya ne da na Najeriya. Na Amurka 120 ne na Japan 100, in ba mai makunnin canza wuta ba ne ka soka shi a bango kai tsaye ya ƙone nan take. Kuma dan Allah kar ka haɗa shi da janareto ko wutar NEPA tsirara, ka sa stabilaiza a tsakani.

3. Allura da daidaita nauyinta

Yawancin masu wannan kiɗan Ortofon Concorde suke sawa don murɗa ta kawai ake yi a bakin hannun, babu kusoshi babu ƙananan wayoyi. Za ka ji tsofaffin hannu suna yabon Shure M44-7, tana da kyau amma kamfanin ya daina yinta tun 2018, samun bakin allura na asali ya zama aiki, ni ba zan ce sabon shiga ya bi ta nan ba.

Da farko ka tabbatar teburin a daidai yake, ka ari abin nan na magina mai ruwa a ciki ka ɗora a kan faranti, ƙafafun garmahon suna murɗuwa. Sai ka mai da ɗan makunnin anti-skate, wanda ke hana allura janyewa zuwa tsakiyar faifai, sifili, ka juya dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun har hannun ya tsaya yana lilo a iska bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Daga nan ka riƙe ƙarfen kar ya motsa, ka juya zoben lambobin da ke gabansa shi kaɗai ya zo 0, sannan ka juya su tare zuwa nauyin da aka rubuta a kwalin allurar, irin waɗannan yawanci giram 3 ne zuwa 4. Shi ke nan, minti biyar ne aikin.

Abin da nake roƙonka kar ka yi shi ne ɗora kwabo a kan allura wai don kar ta yi tsalle. Na san ana yi, na gani da idona, amma cin faifanka take yi a hankali, kuma in allura tana tsalle a nauyin da aka ce to matsalar tebur ce ko allurar ta mutu. Rage nauyi fiye da kima shi ma ɓarna ne don rawa za ta riƙa yi a cikin layin. Bakin allura yana ƙarewa, da ka ji sautin sama ya fara ƙaiƙayi a faifan da ka san mai tsabta ne ka canza. Sai ka cire shimfiɗar roba mai kauri da ta zo da garmahon ka sa silifmat, wato siririn ƙyallen nan mai santsi, shi ke barin faranti ya ci gaba da juyawa a ƙasa alhali ka riƙe faifan da yatsa.

4. Haɗa wayoyi

Miksa, wato na'urar da ke haɗa sautin garmaho biyu, mai layi biyu ta ishe ka, in dai kowane layi yana da makunni uku na sama da tsakiya da bes. A bayanta za ka ga rami biyu-biyu, ɗaya an rubuta phono ɗaya line. Garmaho phono yake shiga. In ka sa shi a line za ka ji sauti can ƙasa-ƙasa babu bes ko kaɗan har ka zata kayan ne suka lalace. Wasu sababbin kamar AT-LP120X suna da ɗan makunni a baya, in ka mai da shi line to a miksa ma line za ka sa, in ka cuɗa su sauti zai fito a fashe. Akwai wata siririyar waya mai baki kamar cokali mai yatsu, ka ɗaure ta a kusar bayan miksa, ita ke kashe gurnanin nan na huuum.

Lasifika kar ta zauna tebur ɗaya da garmaho. A wani kiɗan za ka iya tsira amma ba a wannan ba, bes ɗin zai girgiza tebur ya koma cikin allura ya sake fitowa ta lasifika yana ƙaruwa har allurar ta yi tsalle. In kunnawa za ka yi lasifika ce ta ƙarshe, in kashewa ita ce ta farko.

5. Sayen faifai

Sabon faifai a shagunan Ingila irin su Juno da Redeye yana wajen fam 10 zuwa 15, kamfanoni da yawa kuma suna sayarwa da kansu a shafin intanet na Bandcamp. Tsofaffi kuwa shafin Discogs ne kasuwarsu, a nan za ka tarar da faifai masu daɗin gaske na ƙarshen 1990 da farkon 2000 a fam 2 zuwa 5 saboda an buga su da yawa lokacin, sai kuma 'yan ƙalilan da ake rububi waɗanda ke wuce fam 100. Ka bar waɗancan tukuna, wallahi masu arhar sun isa su riƙe ka shekara.

Ka sa lambar nan da ka rubuta a wajen nema, don kiɗa ɗaya yana iya fitowa sau uku, na asali da wanda aka sake bugawa da mai farar takarda da ake rabawa kafin fitowa, kuma wani lokaci sunan ɗaya ne amma wani ne ya sake gina kiɗan. In faifan ya zo babu rubutu a takardar tsakiya ka karkata shi a haske ka duba filin da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar, za ka ga lambar an karce ta da hannu a jiki.

Sai darajar lafiyarsa. M sabo ne dal, NM kusan sabo, VG+ an yi amfani da shi amma da kula, VG za ka ji ƙaraf-ƙaraf, daga G zuwa ƙasa ka bar musu. Ni daga VG+ nake farawa, kuma ga dalili, faifan drum and bass ba na ajiya ba ne, mutane sun yi aiki da su a gidajen rawa shekara da shekaru, wurin bugun farko inda ake ta kai faifai gaba ana dawo da shi baya yakan cinye har ya riƙa yin shuuu, kuma ido ba ya ganin wannan. Ka tura wa mai sayarwa saƙo ka tambaye shi ko ya saurari farkon kowane gefe. Darajar kwali daban take da ta faifai, kar ka ruɗe ka karanta ta kwalin.

Wani tarkon, kundin wannan kiɗan yakan zo faifai 3 ko 4 ko 5 a kwali ɗaya, wasu sai su sa guda ɗaya daga ciki a kasuwa da arha, ka karanta bayanin mai kaya har ƙarshe.

Kuɗin aike shi ke cinye mutum. Ka tara guda 8 ko 10 a wajen mutum ɗaya ya haɗa maka a kwali ɗaya, ka ce ya fitar da faifan daga cikin kwalinsa ya ajiye a gefe kafin ya naɗe don kar ya huda bakin kwalin a hanya. Da yawansu ba sa aikowa Najeriya ko Nijar, hanyar da na fi yarda da ita ita ce a kai gidan ɗan uwa a Ingila ya taho da su in zai zo gida, a jakar hannu ba a cikin kayan da ake jefawa ba. Ka sani faifai 30 da kwalayensu sun kusa kilo 6, ka gaya masa gaskiya tun farko.

6. Wanki da ajiya

Wannan ya fi shafarmu fiye da mutanen can saboda zafi da ƙura. Akwai ranar da na ɗauko wasu faifai shida na bar su a kujerar bayan mota a watan Afrilu na shiga wani waje, awa biyu ban yi ba, da na dawo na sama ya lanƙwashe gefe ɗaya ya tashi kamar bakin faifan kaba da ya sha ruwa, na ɗora shi a garmaho ina kallon allura tana hawa tana sauka har ta fice daga layi. Har yau yana nan ban iya yar da shi ba kuma ban sake samun wani ba. Kar ka bar faifai a mota, kar ka ajiye kusa da taga, kar ka jera su a ɗakin da rufin kwano ke gasawa.

A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, kuma kar su jingina a karkace. Ka riƙe faifai ta baki da takardar tsakiya. Kafin kowane kunnawa ka bi shi da buroshin faifai mai laushi, lokacin hunturu kuwa ƙura har manne masa take yi don haka da ka cire shi ka mai da shi rigarsa nan take, garmahon ma ka rufe. Wanda ya zo da datti ka goge shi da ruwan da aka tace na kemis da ƙyalle mai laushi kana bin zagayen layin, ka bar shi ya bushe a inuwa. Ban da ruwan rijiya, ban da omo, ban da ruwan batir don wani akwai asid a ciki. In ka ci karo da dubplate, wato faifan da manyan masu kiɗa suka riƙa zuwa a yanka musu guda ɗaya a wurare irin su Music House a Landan tun kafin kiɗan ya fita kasuwa, kar sifirit ya taɓa shi, fenti ne a kan ƙarfe zai lalace, kuma shi dama kunnawa kaɗan yake ɗauka ya fara mutuwa.

7. Haɗa faifai biyu

Kafin komai ka duba gudun juyin faifan, wato sau nawa yake zagayawa a minti ɗaya. Yawancinsu 45 ne amma akwai masu 33, kuma ba kullum ake rubutawa ba. Na 45 in ka kunna shi a 33 zai sauko wajen 129 ya yi nauyi kamar mai jin barci, da ka ji haka ka san maɓallin ne. Ka manna 'yar takarda a kwali ka rubuta.

Yanzu ƙirga. Gangar tana tafiya ne dum, tas, dum-tas, ita tas ɗin nan mai kaifi tana faɗowa a ƙirga na 2 da na 4, kuma ita za ka bi da kunnenka, ka manta da sauran tarkacen da ke gudu a tsakani don su ne ke ruɗa sabon shiga. Ƙirga huɗu gaɓa ɗaya ke nan, kiɗan kuma a gaɓa 16 ko 32 ake gina shi, gaɓa 16 wajen daƙiƙa 22 ce, duk bayan haka za ka ji wani abu ya shigo ko ya fita. Ka yi kwana biyu kana ƙirga kawai da faifai ɗaya har ka riƙa sanin inda bes zai diro kafin ya diro, shi ne suke ce wa dirop.

Dabarar da ta fi taimaka min, ka sayi kwafi biyu na faifai ɗaya mai arha. Ka sa fic ɗin duka biyun a tsakiya, gudunsu ɗaya ne ke nan, abin da ya rage kawai ka koyi saki. Na hagu yana tafiya a lasifika, na dama kana jinsa a hedifon da kunne ɗaya, ka nemo bugun farko ka riƙe faifan da yatsu a kansa kana ɗan kai shi gaba kana dawo da shi tare da kiɗan, da farkon sabuwar gaɓa 16 ya zo ka sake shi da ɗan turi kaɗan. In tas biyun sun zama ɗaya ka dace. In ka ji ta-tas kamar doki na sukuwa to ɗaya ya riga ɗaya, in na daman ne a baya ka ɗan tura takardar tsakiya da yatsa, in shi ne a gaba ka ɗan shafi bakin faranti. A hankali, taɓawa ce ba dannawa ba.

Sai ka koma faifai biyu mabambanta, nan fic ke shigowa. Ka saki, ka ji ya fara zamewa, ka gyara da hannu sannan ka matsa fic ɗin ɗan kaɗan ta ɓangaren da ka gyara, ka sake jira. Kuskuren kowa shi ne gyara da hannu kaɗai a manta da fic, sai ka yi ta bin faifai har ya ƙare. A wannan gudun ƙaramin bambanci cikin daƙiƙa kaɗan yake bayyana, kuma makonnin farko kunnenka ba zai iya gane wanne ne a gaba ba, haka kowa ya fara, rana ɗaya za ka ji abin ya buɗe. Minti 30 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi.

In sun daidaita kar ka buɗe na biyun da bes ɗinsa. Bes biyu a lokaci guda laka ce, kuma yana iya kashe maka lasifika. Ka murɗe bes na mai shigowa gaba ɗaya, ka ɗago shi a hankali, daidai inda zai diro ka buɗe nasa ka rufe na mai fita a tare. Ka riƙa kallon fitilun miksa kar su zauna a ja. Haɗa dirop biyu su faɗo lokaci ɗaya irin yadda aka san Andy C da shi, wannan ka bar shi sai ka haddace faifanka ka san gaɓa nawa kowanne ke yi kafin ya diro, ni a jikin kwali nake rubutawa da fensir.

Tsohon jungle mai 160 in ka ture fic har ƙarshe zai kai wajen 173, zai hau na zamani da ƙyar amma muryoyin ciki za su sirance, gara ka rage na zamanin ka ƙara tsohon su haɗu a tsakiya wajen 167. Jan faifai baya da ƙarfi a sake shi daga farko in kiɗa ya yi daɗi, al'adar da suka gada daga masu kiɗan Jamaika, yana da daɗin yi amma yana cin allura da faifai, kar ka yi shi a kan wanda ka saya da tsada. Kuma tun ranar farko ka riƙa naɗar abin da kake yi ko da da waya ce a ajiye kusa da lasifika, washegari ka saurara, wuraren da ka zata sun hau daidai a nan za ka ji inda suka zame da kuma wanne hannun ne ke yi maka gaggawa.